Hasashen ƙwallo: Shin na kuɗi ya fi na gidan kallo?

Daga watan Agusta zuwa watan Mayu, wato tsawon kakar wasannin ƙwallon ƙafa ta nahiyar Turai, da wuya a yi yammacin Asabar ko Lahadi ba a ji ihun 'yan kallo na tashi daga gidajen kallo na Tudun Jukun, da maƙwabtanta irin su Tukur-Tukur da Gyallesu a Tudun Wadan Zariya ba. Ɗalibai ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kowa da kulob ɗin da ya riƙe tamkar gadon gidansu.

Wannan shaƙuwa ta daɗe. Tun lokacin da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya koma Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu kuma ya koma Arsenal a 1999, gasar Premier ta Ingila ta samu gindin zama a zukatan matasan arewacin Najeriya. Da ita kuma aka samu wata al'ada, wato gardamar wa zai ci, wadda akan fara tun kafin a tayar da janareta, a kuma ƙarasa ta a teburin mai shayi.

A da gardamar kyauta ce. Wanda ya canka daidai ya yi baki, wanda ya kuskure ya sha tsiya, gobe a sake. Yanzu kuwa hasashe ya zama hajar sayarwa. Duk matashin da ke da wayar salula ya san zaurukan Telegram da WhatsApp inda wasu da ke kiran kansu ƙwararru ke neman a biya su kuɗi a mako ko a wata, domin su riƙa aiko da sakamakon wasannin da ba a buga ba tukuna. Akwai kuma kamfanonin ƙasashen waje masu sayar da sharhi da alƙaluma ga masu buga wasan haɗa 'yan wasa a intanet.

Abin tambaya a nan shi ne, shin wanda aka biya ya fi mai kallon da ya san abin da yake kallo? Tambayar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kasance naira 70,000 tun shekarar 2024, kuma tsadar rayuwa ta ƙaru bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk nairar da ta tafi wajen sayen hasashe daga wani wuri aka yanko ta, ko kuɗin makaranta, ko jarin sana'a, ko cefanen gida.

Sana'ar ba sabuwa ba ce

Tun a 1923 kamfanin Littlewoods ya fara cacar cankar kunnen doki a Ingila, kuma ta iso Najeriya tun zamanin mulkin mallaka. Shekaru da dama ana sayar da 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da lambobin wasannin da wai tabbas za a tashi canjaras, kuma akwai dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna nazarin waɗannan lambobi. Abin da ya sauya shi ne hanyar isowa. Wayar salula ta shigo a 2001, kamfanin NairaBet ya soma aiki a 2009, Bet9ja kuma a 2013. Abin da a da sai mutum ya taka ya je shago ana ganinsa, yanzu yana iya yi a ɗakinsa ba wanda ya sani.

Tun da sana'ar ta daɗe, masu bincike sun samu lokacin auna ta, kuma sun auna.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2000, wasu masana tattalin arziki biyu a Birtaniya, David Forrest da Robert Simmons, sun bi diddigin hasashen da masu sharhin wasanni na manyan jaridun ƙasar uku suka yi kan wasanni kusan 1,700 na Ingila. Waɗannan mutane ne da ake biyansu albashi domin wannan aiki. Sakamakon ya nuna cewa sun fi mai jefa ƙuri'a, amma ba su kai ga yin daidai a rabin wasannin ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da a ce wani ya rufe ido ya ce mai masaukin baƙi ne zai ci kowane wasa, da ya fi su yin daidai.

A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2002, wasu masu bincike a ƙasar Sweden ƙarƙashin Patric Andersson sun nemi mutane kimanin 250 su faɗi ƙasashen da za su tsallake zagayen farko. A cikinsu akwai 'yan jaridar wasanni da masu horar da 'yan wasa da magoya baya na haƙiƙa, akwai kuma ɗalibai, har da Amurkawa waɗanda ba su san komai kan tamaula ba. Masanan ba su fi ɗaliban ba. Inda suka yi musu fintinkau shi ne wajen yarda da kai, domin sun fi kowa tabbacin cewa abin da suka faɗa zai faru. Dukkansu kuma, bin jadawalin hukumar FIFA na ƙarfin ƙasashe kawai ya fi su.

Wani binciken ya fi wannan ban dariya. Peter Ayton da Dilek Önkal sun sa ɗaliban Turkiyya da na Birtaniya su canki wasanni 32 na zagaye na uku na kofin FA na Ingila. Turkawan ba su san yawancin kulob-kulob ɗin ba, sai dai su zaɓi garin da suka taɓa jin sunansa. Sun yi daidai da kimanin kashi 63 cikin 100, 'yan gida kuma kashi 66. Tazarar kenan tsakanin wanda ya tashi cikin abin da wanda bai san shi ba.

A Jamus ma, Martin Spann da Bernd Skiera sun kwatanta masu sayar da hasashe da farashin da kamfanonin caca ke ɗora wa wasannin Bundesliga, a wani bincike da aka wallafa a 2009. Masu hasashen ne suka zo a baya. To sai dai kuma, ko farashin kamfanonin, wanda ya fi kowa daidai, rabi da 'yan kai yake samu.

Ba dukkan bincike ne ya kunyata masana ba. A gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2004, wani nazari da Thorsten Pachur da Guido Biele suka yi ya gano cewa 'yan jaridar wasanni sun fi mutanen da ba ruwansu da ƙwallo. Amma a lura, da jahilan ƙwallo aka gwada su. Matashin Tudun Jukun da ya kalli wasanni talatin na Arsenal a kakar bana, ya san wanda ya ji rauni da wanda aka ba jan kati, ba ya cikin wannan sahu. Labarin da mai sharhi ke da shi, shi ma yana da shi a wayarsa, kusan a lokaci guda.

Me ya sa ƙwallo ke ba masana kunya?

Dalilin yana cikin yanayin wasan kansa. A manyan gasannin Turai, ƙwallo biyu zuwa uku ake ci a wasa idan aka raba daidai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasanni canjaras ake tashi. A wasan da ƙwallo ɗaya ke raba gardama, tuntuɓen mai tsaron baya, ko ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ko hukuncin alƙalin wasa guda ɗaya, na iya rushe duk wani lissafi. A ƙwallon kwando, inda ake cin maki kusan ɗari, wanda ya fi ƙarfi yana da lokacin da zai nuna ƙarfinsa. A tamaula minti 90 ba kullum suke isa ba.

Misalan ba sa ƙirguwa, kuma kowane mai kallo yana da nasa. Kamaru ta doke Ajantina mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasar 1990, Senegal ta yi wa Faransa haka a 2002, Saudiyya kuma ta ci Ajantina 2 da 1 ranar 22 ga watan Nuwamban 2022, amma Ajantinar ce ta tafi da kofin. Leicester City ta ɗauki kofin Premier a 2016 bayan kamfanonin caca sun ƙiyasta damarta a kan 1 cikin 5,000. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, Ivory Coast ta sha kashi a hannun Najeriya a rukuni, Equatorial Guinea ta lallasa ta da ci 4 da nema, ta kori kocinta ana tsakiyar gasa, sannan ta dawo ta doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga watan Fabrairu a Abidjan.

Hatta bankin Goldman Sachs na Amurka, da duk kwamfutocinsa da masanan lissafinsa, ya ba Brazil damar kashi 48.5 cikin 100 ta ɗaukar kofin duniya na 2014. Jamus ta ci ta 7 da 1 a gidanta. Shekaru huɗu kafin nan, wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas da aka sa wa suna Paul, a garin Oberhausen na Jamus, ta canki wasanni takwas a jere ba kuskure, ta hanyar zaɓen akwatin da za ta ci abinci a ciki.

Sai dai a yi wa bankin adalci. Wanda ya ce kashi 48.5, ya kuma ce akwai kashi 51.5 na cewa ba haka za ta kasance ba. Masanin gaskiya da ƙiyasi yake magana, yana barin ƙofa a buɗe. Mai sayar da hasashe a waya kuwa ba ya iya yin haka, domin ba wanda zai biya kuɗi a ce masa watakila. Dole ya ce tabbas, kuma wannan kalma ita ce ainihin hajarsa.

Darasi daga Amurka

Ƙasar da wannan muhawara ta fi zafi ita ce Amurka, saboda wani tsari da ba a yinsa a Turai ko Najeriya. A gasar NFL ta ƙwallon Amurkawa, wadda da hannu aka fi buga ta, kulob-kulob 32 kan zauna a kowane watan Afrilu su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, har zagaye bakwai. Kulob ɗin da ya zo ƙarshe a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓe. Sharhi kan wannan zaɓe ya zama babbar sana'a, har akwai irin su Mel Kiper, wanda ke yinsa a tashar ESPN tun 1984, da kamfanonin da ke sayar da rahotanni ga masu sha'awa.

Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun yi nazarin zaɓen shekaru da dama. Sun yi wata tambaya mai sauƙi: idan aka ɗauki 'yan wasa biyu masu buga gurbi ɗaya, aka zaɓi wannan kafin wancan, sau nawa na farkon ke fin na biyun? Amsar ita ce kimanin kashi 52 cikin 100. Wato kulob-kulob masu kashe miliyoyin daloli kan masu farautar 'yan wasa, da kaɗan suka fi mai jefa kwabo sama. Tom Brady, wanda ya ɗauki kofin gasar sau bakwai, shi ne na 199 da aka zaɓa a shekarar 2000. JaMarcus Russell, wanda aka fara zaɓa a 2007, kaka uku kawai ya yi aka sallame shi.

Mai bin tamaular Najeriya ba ya buƙatar zuwa Amurka kafin ya gane wannan. Ƙasar ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma a kowane karo an yi ta nuna waɗanda za su zama taurarin gobe. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2007, kulob ɗin Hamburg na Jamus ya ɗauke shi, amma bai kai inda aka yi masa zato ba. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, har aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018. Shekaru biyar bayan haka ya taimaki Napoli ta ɗauki kofin Italiya, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Jamusawan da suka ɗauki na farko da waɗanda suka saki na biyu duk ƙwararru ne masu cin albashi.

Inda ilimi ke da rana

Duk da haka, kuskure ne a ce ƙwarewa ba ta da amfani, kuma masu faɗin haka a gidan kallo suna wuce gona da iri.

Leicester ɗin da ta ba duniya mamaki ba da sa'a kaɗai ta tara 'yan wasanta ba. Masu yi mata farauta sun sayo Jamie Vardy a kan fam miliyan 1 a 2012 daga wani ƙaramin kulob, suka ɗauko Riyad Mahrez daga Le Havre a 2014 a kan abin da bai kai rabin miliyan ba, da N'Golo Kanté daga Caen a 2015 a kan fam miliyan 5.6. Shekara guda bayan nan Chelsea ta sayi Kanté a kan kimanin fam miliyan 30, Manchester City kuma ta biya miliyan 60 kan Mahrez a 2018. Brighton ta ɗauko Moisés Caicedo daga Ecuador a 2021 a kan ƙasa da fam miliyan 5, ta sayar wa Chelsea shi a 2023 a cinikin da ya kai miliyan 115. Babu wani mai kallo, komai naci, da zai zauna ya bi wasannin rukuni na biyu na Faransa ko gasar Ecuador har ya tsinto irin waɗannan.

Amma ko su ba sa cin kowane ciniki. Leicester ɗin ce ta biya kimanin fam miliyan 16 ta sayi Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA Moscow a 2016. Ƙwallo biyu ya ci mata a gasar Premier, aka mayar da shi Rasha aro, sai ga shi a watan Yunin 2018 ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Ƙwarewar irin waɗannan kulob-kulob ba ta sanin gobe ba ce. Ta yin daidai ce sau shida a inda wasu ke yin biyar, a kuma jure shekaru ana tara wannan ɗan bambanci har ya zama riba.

Akwai wani abin lura game da Brighton da kuma Brentford, wadda ta hau gasar Premier a 2021 bayan shekaru 74 ba ta buga babbar gasar Ingila ba. Mutanen da suka ɗaga su, Tony Bloom da Matthew Benham, da lissafin sakamakon wasanni suka yi dukiyarsu, da taimakon kamfanoni masu ɗaukar masana lissafi da kwamfuta aiki. Waɗannan kamfanoni ba sa tallan sirrinsu a kasuwa. Idan ma za su sayar, sai ga ƙalilan ɗin attajirai, domin da zarar kowa ya san abin da suka sani, amfaninsa ya ƙare. Saboda haka mai hankali zai tambayi kansa: mutumin da ya san sakamakon wasan gobe, me zai sa ya bi ɗalibin Kongo yana roƙon ya turo masa kuɗin shiga zaure?

A nan kusa da Tudun Jukun, a Tukur-Tukur, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, gidan jaridar nan ta Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya fara yi wa edita a 1939. Masu jaridar sun yarda abin da ke ciki ya fi kuɗin da ake biya. A harkar hasashe, sau da yawa mai saye yakan ɗauka cewa tun da ya biya, to abin da aka ba shi ya fi na kyauta, alhali kuɗin ba ya auna komai sai iya tallan mai sayarwa.

Mai kallo ma yana da nasa ciwon

Wannan ba yabo ba ne ga 'yan gidan kallo. Binciken Sweden ɗin nan ya saka magoya baya cikin sahun masana, kuma su ma ba su fi ɗaliban Amurka ba. Babban ciwon mai kallo shi ne son zuciya. Ɗan Manchester United na haƙiƙa ba ya iya buɗe baki ya ce Liverpool za ta ci su, ko da ya ga alama ƙarara. Ciwo na biyu shi ne mantuwa. Kowa na tuna ranar da ya ce Saudiyya za ta ba da mamaki, ba mai tuna sauran ranaku ashirin da ya faɗi irin haka ba ta faru ba.

Inda mai kallo ke nuna bajinta shi ne a dogon zango. Wasan Fantasy Premier League, wanda aka fara a 2002 kuma kyauta ake shigarsa, yana ba kowa kuɗin wasa fam miliyan 100 ya zaɓi 'yan wasa 15, a riƙa ba shi maki gwargwadon abin da suka yi a fili har makonni 38. Shi ne mafi kusa da zaɓen Amurkawa a cikin abin da matasan Zariya suka sani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Limerick ta ƙasar Ireland, aka wallafa a 2021, ya gano cewa waɗanda suka yi fice a kakar da ta wuce sun fi yiwuwar sake yin fice, abin da ke nuna akwai iyawa a ciki, ba sa'a zalla ba. Iyawar kuwa ta tsari ce da haƙuri da sanin lokacin sauya ɗan wasa. A watan Disamban 2019, wanda ya hau saman teburin duniya cikin mutane fiye da miliyan 7 shi ne Magnus Carlsen na ƙasar Norway, zakaran duniya a wasan darar Turawa a wancan lokaci, ba koci ba, ba kuma mai sharhin ƙwallo ba.

Lissafin mai sayarwa

To idan haka ne, ta yaya masu sayar da hasashe ke samun kasuwa, har su riƙa nuna shaidar nasarorin da suka yi?

Hanya ɗaya tsohuwa ce. A ce mutum na da lambobin waya 1,600. Ya gaya wa rabi cewa za a ci fiye da ƙwallo biyu a wasan yau, ya gaya wa sauran rabin cewa ba za a ci ba. Ko yaya aka tashi, mutum 800 sun ga ya yi daidai. Ya sake raba su a wasa na gaba, saura 400. Bayan wasa biyar, akwai mutum 50 da suka ga ya canka sau biyar a jere ba kuskure, kuma a shirye suke su rantse da shi, su biya duk abin da ya nema. A 2008 wani mai wasan dabo a Birtaniya, Derren Brown, ya nuna wannan dabara a tashar Channel 4 da tseren dawaki, inda ya fara da mutane 7,776 har aka rage saura mace ɗaya wadda ta yi imani cewa ya gano sirrin da ba ya kuskure.

Wasu ko wannan wahalar ba sa sha. Sukan goge hasashen da ya faɗi su bar wanda ya ci, ko su haɗa hoton tikitin bogi da kwamfuta. Wasu kuma dillalai ne, kamfanin caca na ba su la'ada kan duk wanda suka kawo, a wasu tsare-tsaren ma la'adar wani kaso ne na abin da mutumin ya yi asara. A irin wannan ciniki, faɗuwar mai saye ita ce ribar mai ba shi shawara.

Ko da an samu mai gaskiya wanda ya iya, lissafi ba ya goyon bayansa. Abin da aka fi tallatawa shi ne tikiti mai jerin wasanni goma ko fiye, wanda kuskure ɗaya ke lalata shi baki ɗaya. A ɗauka mutum na yin daidai sau 7 cikin 10, abin da ya zarce na masu sharhin da aka ambata a sama nesa ba kusa ba. Damar ya haɗa wasanni goma ba kuskure ba ta kai 3 cikin 100 ba. Idan sau 6 cikin 10 yake yi, damar ta koma 6 cikin 1,000.

Sai masu cewa suna da labarin wasannin da aka riga aka sayar. Sayar da wasa na faruwa, Najeriya ma shaida ce. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro FC 67 da nema a rana guda, abin da ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. Amma waɗanda suka ƙulla irin wannan laifi ɓoye shi suke yi, ba sa aika shi ga baƙi dubu a waya.

Abin mamaki, gasar da ta fi sauƙin canka ita ce wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato ta cikin gida. Kano Pillars ta shafe shekaru 12 ba a doke ta a gida a gasar Najeriya ba, daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1. A tsawon waɗannan shekaru ba a buƙatar wani ƙwararre, yaro ma ya san baƙo ba ya fita da maki uku.

Doka da addini

Ga akasarin mazauna Tudun Jukun akwai batun da ya gabaci duk wannan lissafi. Malaman Musulunci ba su da saɓani kan haramcin caca, bisa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma mafi yawan hasashen da ake sayarwa domin caca ake sayensa. Gardamar gidan kallo da ba a sa kuɗi a cikinta wani abu ne daban, kuma ita ce mafi yawan 'yan kallo suka tsaya a kai.

A watan Oktoban 2024, hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kimanin 30 a wani samame, bayan koke-koken iyaye da shugabannin unguwanni. Wata guda bayan haka, ranar 22 ga watan Nuwamba, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a babban birnin tarayya kaɗai. Hukuncin ya mayar da ikon tsara harkar, ko hana ta, hannun majalisun jihohi, ciki har da ta Kaduna.

To sai dai kamfanin caca na da suna da ofis da lasisi, ana iya rufe shagonsa ko a ci shi tara. Mai sayar da hasashe ba shi da ko ɗaya. Lambar waya ce da asusun karɓar kuɗi, mai yiwuwa yana Legas, ko Nairobi, ko layi na gaba a unguwa. Idan hasashensa ya faɗi yakan rufe zauren ya buɗe wani da sabon suna. Wanda aka cuta kuma ba kasafai yake kai ƙara ba, domin kafin ya gaya wa 'yan sanda ko mai unguwa yadda kuɗinsa suka salwanta, sai ya fara bayyana wa mahaifinsa abin da ya yi niyyar yi da su.